SU WAYE KE RUBUTA WA TALAKAWA DOKA? DARASI DAGA KONGOLAM



Duk wanda ya san Kongolam, garin nan na bakin iyaka a Ƙaramar Hukumar Mai'adua cikin masarautar Daura, ya san cewa rayuwar mutanensa ta rataya ne a kan hanyar da ta bi ta Matamai ta nufi Damagaram. Da wannan hanya direba ke ci, da ita ɗan dako ke ci, da ita mai shayi da mai faci da mai tura baro ke ciyar da iyali. Mutanen wannan ɓangare da na wancan dangin juna ne, harshe ɗaya, addini ɗaya, auratayya ɗaya, tun kafin Ingila da Faransa su zauna su ja layi a tsakaninsu.

A ranar 20 ga Agusta, 2019, gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Babu wanda ya zo Kongolam ya tara jama'a ya ji ta bakinsu. A watan Nuwamba na wannan shekara kuma hukumar kwastan a ƙarƙashin Hameed Ali ta hana kai fetur duk wani gidan mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Gidajen mai suka bushe, kuɗin mota ya tashi, ɗan acaɓa ya koma sayen mai a galan da tsada, samari suka koma zaman kashe wando. Aka ce a yi haƙuri, doka ce, kishin ƙasa ne, kuma doka ba ta san kowa ba.

To, amma ashe doka ta san wasu. A watan Nuwamba na 2020, alhali iyaka na garƙame, sai ta bayyana cewa kamfanin simintin Dangote yana da izini na musamman na fitar da kaya ta tudu zuwa Nijar da Togo. Da surutu ya yi yawa, hukumar kwastan ta tabbatar da haka, ta ƙara da cewa kamfanin BUA ma yana da irin wannan izini. Hatta wani babban ma'aikacin banki na kudu, Atedo Peterside, sai da ya fito fili ya soki wannan bambanci. Da aka tashi buɗewa a ranar 16 ga Disamba, 2020, iyakoki huɗu aka fara da su: Seme, Illela, Maigatari da Mfun. Kongolam ba ta cikin jerin. Jibiya kuwa sai da ta jira har Afrilun 2022.

Ɗan'uwa mai karatu ya tsaya ya auna wannan da hankalinsa. Ƙofar da aka rufe wa mai buhu biyu, ita aka buɗe wa mai tirela. Wannan shi ne tsarin kashin dankali, babba a sama, ƙarami a danne. Kuma ba kuskure ba ne na rana ɗaya. Hali ne da ya daɗe a jinin ƙasar.

KAMFANI NE YA FARA MULKIN ƘASAR

Abin da ba a cika gaya wa ɗalibai dalla-dalla ba shi ne cewa kafin a sami gwamnan Bature a Arewa, manajan kamfani aka fara samu. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin Royal Niger na George Goldie takardar izinin mulkar yankunan Kogin Kwara da Binuwai. Kamfani ne na neman riba, amma yana da sojojinsa, yana da kotunansa, shi ke yanka haraji, shi ke ba da lasisin ciniki. Da wannan iko ya toshe wa 'yan ƙasa kasuwannin kakanninsu, har tura ta kai bango mutanen Nembe suka far wa sansaninsa na Akassa a watan Janairun 1895. Shi kansa Lugga ya yi wa kamfanin aiki kafin ya zama shugaban mulkin mallaka a Arewa.

Da Ingila ta karɓe mulki daga hannunsa a ranar 1 ga Janairu, 1900, ba korarsa aka yi ba, biyansa aka yi fam 865,000, aka kuma yanka masa rabin kuɗin haƙƙin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Wato ƙasar da ba ta uban kowa ba a cikinsu, ita aka yi ciniki a kanta. Turawa sun tafi a 1960, amma ɗabi'ar sanya mai jari a kan kujerar mai yin doka ba ta bi su ba.

DOKAR MAN FETUR: SHEKARA GOMA SHA UKU A HANYA

Babu misalin da ya fi na man fetur fitowa fili. A shekarun 1990, lokacin mulkin soja, an ƙulla yarjejeniyoyi da manyan kamfanonin mai na waje kan haƙo mai a cikin teku, aka kuma kafa dokar da ta ce duk rijiyar da zurfin ruwanta ya wuce mita 1,000 ba za ta biya ko sisin kwabo na haƙƙin mallaka ba. Amma dokar ta tanadi cewa idan farashin ganga ya haura dala 20, wajibi ne a sake duba rabon don ƙasa ta ƙaru. Farashi ya haura dala 20, ya haura 50, ya haura 100. Gwamnatoci suka zo suka wuce, majalisu suka zauna suka tashi, ba wanda ya tuna da wannan sashe. Sai da jihohin Ribas, Bayelsa da Akwa Ibom suka kai ƙara Kotun Ƙoli, aka yi matsaya a 2018, sannan aka gyara dokar a watan Nuwamban 2019. A wannan shekara ministan shari'a, Abubakar Malami, ya ce ƙasar na bin kamfanonin kimanin dala biliyan 62. Kamfanonin suka musa. Tambaya a nan ita ce: wane irin barci ne ke ɗauke ɗaruruwan 'yan majalisa shekara da shekaru a kan sashe guda? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Haka aka yi da babbar dokar gyaran harkar mai. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya aika da ƙudurinta majalisa a 2008. Kamfanonin mai suka ta da jijiyar wuya cewa harajin da ke ciki ya yi nauyi, kuma za su janye jarinsu. Ƙuduri ya maƙale. A watan Disamban 2010 shafin WikiLeaks ya fallasa wata wasiƙar sirri ta ofishin jakadancin Amurka ta 2009, inda aka ruwaito wata babbar jami'ar kamfanin Shell, Ann Pickard, tana shaida wa jakadiyar Amurka, Robin Sanders, cewa kamfanin ya tura mutanensa cikin duk ma'aikatun da abin ya shafa, don haka ya san duk abin da ake ƙullawa. Kamfanin ya ƙaryata cewa ya yi wa gwamnati kutse. Amma ƙudurin bai motsa ba. Aka sake kawo shi a 2012, ya mutu. Aka zartar da wani yanki nasa a 2018, shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu. Sai a ranar 16 ga Agusta, 2021, bayan shekara 13, ya zama doka.

Kuma da wace kama ya fito? Al'ummomin da ake haƙo man a ƙasarsu, waɗanda ruwansu da gonakinsu suka lalace, ƙudurin 2012 ya ambata musu kashi 10 cikin ɗari. Dokar 2021 ta tsaya a kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfani. Rijiyoyin cikin teku mai zurfi kuwa an keɓe su daga sabon harajin mai da dokar ta ƙirƙiro. Wanda ya yi ta jan ƙafa ya sami rangwame. Wanda ya yi haƙuri ya sami ragowa.

TABA: DOKAR DA AKA RIƘE WA ƘAFA

Ga wani misalin da ya shafi kowane saurayi a kowace majalisar shayi. A 2001 gwamnatin Obasanjo ta rattaba hannu da kamfanin taba na British American Tobacco kan zuba jarin dala miliyan 150, aka buɗe katafariyar masana'anta a Ibadan a 2003. A 2005 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaƙi da taba, wadda ta wajabta wa gwamnatoci su kare manufofinsu na lafiya daga katsalandan ɗin masu sana'ar taba. A 2007 jihar Kano na cikin jihohin da suka maka kamfanonin taba a kotu.

Majalisun tarayya biyu sun zartar da dokar taba a 2011. Shugaba Jonathan bai sa hannu ba, ƙudurin ya mutu a kan teburi. Aka faro daga tushe, aka sa hannu a watan Mayun 2015. Amma an cusa wani sharaɗi a ciki: ƙa'idojin aiwatar da dokar ba za su fara aiki ba sai sun sake komawa majalisa ta amince. Wannan ya ci wasu shekara huɗu, sai 2019. Dokar ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da taba kara-kara. Duk mai ido ya leƙa teburin mai kanti a kowace tasha ya faɗa wa kansa ko ana bin wannan. A watan Disamban 2023 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta sanar da tarar dala miliyan 110 a kan kamfanin, bisa saɓa dokokin gasa da na taba. Tara ta shiga asusu, amma huhun yaran da suka kamu a shekarun jan ƙafa ba mai mayar musu da shi.

Ɗan'uwa ya kwatanta: dokar da ta danne talakan Kongolam ta fara aiki ne a dare ɗaya, da sojoji da bindigogi. Dokar da za ta taɓa aljihun kamfani kuwa sai ta shekara goma tana rarrafe.

TA INA AKE SHIGA?

Ba sihiri ba ne, hanyoyin a bayyane suke. Ta farko ita ce tsadar kujera. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, ta gwamna miliyan 50, ta sanata miliyan 20, ta majalisar wakilai miliyan 10. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ɗaga abin da ɗan takarar shugaban ƙasa zai iya kashewa daga naira biliyan 1 zuwa biliyan 5, ta ɗaga gudummawar da mutum guda zai iya bayarwa daga miliyan 1 zuwa miliyan 50. Kafin nan, a Disamban 2014, a zama guda a Abuja an tara wa PDP da takarar Jonathan sama da naira biliyan 21. Ba wata jam'iyya da ta fi wata a wannan. Malamin firamare ba shi da wannan kuɗi, manomin gero ba shi da shi. Wanda ya ba da shi kuwa ba sadaka ya yi ba, kuma Bahaushe ya gama magana: baki in ya ci, ido ya ji kunya.

Ta biyu ita ce zaman jin ra'ayin jama'a. Ana yin sa a Abuja, da Turanci, a ranar aiki. Kamfani ya zo da lauyoyi da ƙwararru da takardu masu shafi ɗari. Mai tura baro a Kongolam ko labarin zaman bai ji ba. Ta uku ita ce barazana: a taɓa mu, mu kwashe jarinmu, ma'aikata su rasa aiki. Ta huɗu ita ce jinkiri, wanda ya fi kowace arha, domin dokar da ba ta fito ba ba ta cizo.

Wani zai ce ai kamfanonin nan su ke ba da aiki, su ke biyan haraji, kuma haƙƙinsu ne su faɗi ra'ayinsu. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da ke gaba da kasuwanci. Da fatauci aka san ƙasar Hausa tun zamanin ayari. Amma akwai bambanci tsakanin ɗan kasuwa ya kawo kokensa gaban alƙali da ya hau shimfiɗar alƙalin ya zauna. Idan fitar da siminti zuwa Nijar alheri ne ga ƙasa, to fitar da kayan ƙaramin ɗan kasuwa ma alheri ne. Idan kuwa cutarwa ce, to cutarwar tirela ta fi ta buhu biyu. Ma'auni biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, ko a kasuwar ƙauye sunansa ha'inci.

ABIN DA YA RAGE WA MATASA

Babban jarin azzalumi shi ne jahilcin wanda yake zalunta. Saurayin da ya haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai goma sha ɗaya amma bai san sunan mai wakiltar mazaɓar Daura, Sandamu da Mai'adua a majalisar wakilai ba, ko mai wakiltarsa a majalisar dokokin Katsina, ya sauƙaƙa wa masu sayen doka aikinsu. Wajibi ne wanda ya iya karatu ya nemi dokokin nan ya karanta, ya fassara wa wanda bai iya ba. Wajibi ne idan wakili ya zo gida da buhunan shinkafa da atamfa, a tambaye shi a gaban jama'a: wane ƙuduri ya goyi baya, wane ya ƙi, wa ya biya masa kuɗin takara, kuma me ya ce a zauren majalisa ranar da aka hana garuruwan iyaka fetur? Wajibi ne direbobi da 'yan kasuwa da 'yan dako su haɗa kai su rubuta kokensu da murya ɗaya, cikin tsari da natsuwa, domin tsintsiya sai a ɗaure take shara.

Mutanen Kongolam sun riga sun biya kuɗin wannan darasi da yunwarsu da jarinsu da ya karye. Asara ta biyu ita ce a manta da shi.

Allah Ya isar wa raunana, Ya tona asirin masu cin amanar jama'a, Ya ba matasa basirar gane gaskiya da ƙarfin zuciyar tsayawa a kanta. Amin.