Kafin ki rubuta sunanki a layin keke

Iyayena da 'yan uwana matan jam'iyya,

Yau maganar keken ɗinki nake so mu yi, kuma na san ba kowa za ta ji daɗinta ba. Duk sanda aka ce za a yi rabon tallafi, masu son keke sun fi kowa yawa. Amma ku da kanku kun san inda wasu kekunan suke ƙarewa. Wani a ba dillaliya tun yana cikin kwalinsa, wani a jingine shi a ƙuryar ɗaki ana ɗora masa kwanuka. Gobe in mun je gaban shugabanni neman ƙari, da wannan ake rufe mana baki.

Ni dai ban yarda lalaci ba ne. Mace ce aka miƙa wa Butterfly ba ta taɓa taka keke ba, kuma a ranta ɗinki shi ne ta yanka leshin amarya. Ta duba ta ga ya fi ƙarfinta, sai ta haƙura.

Alhali daga gyara ake farawa, kuma a gyaran ne kuɗin yau da kullum yake. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wadda ta shiga Kantin Kwari ta san yadda atamfa ta koma. Mutane sun daina yar da kaya. Wandon makaranta ya yage, zif ya mutu, roba ta saki, rigar gwanjo ta yi yawa tana son ragi. Wa ke kwashe wannan cinikin a unguwanninmu? Mai yawo da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi. Shi kuwa namiji ne, a ƙofar gida yake tsayawa, kuma akwai kayan da mace ba za ta taɓa miƙa masa ba. Wannan kasuwar taki ce, 'yar uwa, kina zaune a ɗakinki.

Ki fara da allurar hannu: maɓalli, kalmasa bakin zani, faci a gwiwar wandon yara. In hannu ya faɗa, ki hau keke da rigar filo da siket ɗin 'yarki, tunda miƙaƙƙen ɗinki ne. Kina son yanka riga? Ki farke wata tsohuwa da reza, ki shimfiɗa ta a kan ƙyalle mai araha, ki zana da alli, ki bar kamar inci ɗaya na ɗinki. Kuma don Allah, in keke ya fara tsallake ɗinki kar ki ce ya lalace. Yawanci allura ce ta dakushe ko ta lanƙwashe, canza ta kawai za ki yi. In zare na cukurkuɗewa ta ƙasa, ki zare na sama ki sake zura shi tun daga farko.

Don haka shawarata, duk mai son a sa sunanta a keke ta fara nuna wa shugabar matan mazaɓarta gyara uku da ta yi da hannunta. Na san za a ce, "Haba Hajiya, mu da muka sha rana a kamfe, sai an yi mana jarrabawa?" Wallahi kun sha, ba wanda ya isa ya musa, kuma haƙƙinku na nan. Amma wadda ranta ba ya kan ɗinki ta faɗa ba kunya, a rubuta ta a injin markaɗe ko jari.

Shugabannin mazaɓu, kowacce ta nemo mana tela mace ɗaya a cikinmu da za ta zauna da masu koyo, ta turo min sunanta a nan. Masu zuwa ku taho da allura, zare, almakashi da yagaggen kaya guda biyu daga gida.

Allah Ya sa mu dace. A tura wa sauran 'yan uwa.