Jinin Lebura Ba Ruwan Kwaɓa Siminti Ba Ne

A shekara ta 2003 aka rushe Zangouettin, tsohon Zangon Hausawa na Wagadugu, domin shirin ZACA na gina manyan benaye a tsakiyar birni. Aka kwashe mutane zuwa Ouaga 2000 da Nioko. Tun daga nan gini bai tsaya ba. Amma wa ke tambayar lafiyar masu ginin?

A dubi lebura da safe. Ga kwanon kankare a ka, ga silifa a ƙafa, yana hawan tsanin katako zuwa hawa na uku. Babu hular kwano, babu safar hannu. Ɗanyen siminti yana cin fata kamar wuta, har tafin hannu ya tsattsage. A watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, duk da haka sai ya sayi ruwan sha da kuɗinsa.

Tsakuwar da yake ɗauka kuwa, wata daga ramin dutse na Pissy take fitowa, inda mata ke ƙona tayoyi domin dutse ya tsage, sa'an nan su farfasa shi da guduma. Ƙurar nan tana kwanciya cikin huhu, ta bar tabon da ba ya warkewa.

A watan Agusta na 2021 wani gini da ake kan yi a jami'ar Koudougou ya rufta, mutum 4 suka mutu. In irin wannan ya faru sai a ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce ke rage siminti? Ƙaddara ce ke cire katakon tokara kafin kankare ya yi ƙarfi? A'a, hannun mutum ne, da kwaɗayin riba.

'Yan kwangila sukan ce kayan tsaro da tsada. To, hular kwano ta kai likkafani da marayu tsada? Doka kuwa tana nan. Asusun CNSS yana biyan jinya da diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, amma leburan da ake sallama kowace yamma, wa ya rubuta sunansa?

Saboda haka duk mai ba da aikin gini, ko ɗaki ɗaya ne, kada ya tsaya ga tambayar farashin bulo. Ya tambayi maginin: ina hular yaranka, ina ruwan shansu, wa zai kai su asibiti? Wanda ya kasa amsawa, a hana shi aikin. Rigakafi ya fi magani. Gidan da aka gina da jinin talaka, ko an shafe shi da fenti, alhakin yana cikin bango.