An bar jaki ana dukan taiki

Jama'a, don Allah a daina cutar yaran nan masu buga gem a kwamfuta. Yaro zai kai kuka cewa gem ya kwana biyu yana sauka bai gama ba, mai gyara ko kunna kwamfutar bai yi ba sai ya ce a ƙaro RAM ko a yi fomatin. Ya karɓe kuɗi, yaro ya koma gida, dawunlodin na nan yana tafiyar hawainiya. Ni dai ban ga marabar wannan da damfara ba.

Mu yi lissafi. Kamfanin sadarwa da Mbps yake talla, Steam kuwa MB yake nuna maka, kuma bit takwas ne bayit ɗaya. Wato layin 20Mbps, ko ya cika alƙawari, MB 2.5 zai ba ka a sakan. Gem mai GB 100, irin su Call of Duty, awa 11 ke nan ba tsayawa, in wuta ta bari. Ina laifin RAM a nan?

Kafin ka ba kowa sisi, jona kebul daga rauta zuwa kwamfutar, ka bar Wi-Fi. Buɗe Task Manager ka duba ko Windows na jan nasa sabuntawar a ɓoye. A saitin Steam canza Download Region ka gwada. In ka ga hadis ya maƙale a 100%, to nan kam SSD ne magani. Sannan ka gwada ƙarfe biyun dare. In ya tashi da gudu, kwamfutarka lafiya lau take, cunkoso ne a turken sabis na unguwarku.

Babban jakin kuwa shi ne datar da ake ce mana ba ta da iyaka. Kana cin wani adadi sai a shaƙe maka gudu, sharaɗin kuma an binne shi a ƙananan rubutu. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50, aka ce sabis zai gyaru. Mun biya. To a tilasta musu rubuta iyakar da gudun da zai rage ɓaro-ɓaro a jikin talla. Mai tumatir ma ba ya ɓoye girman kwandonsa.

Wanda aka taɓa yi wa fomatin banza ya faɗa mana nawa aka karɓa.