Karkanda biyu suka rage, mu kuma dajinmu fa?

1/ Jama'a, farar karkandar arewa biyu kacal suka rage a duniya: Najin da 'yarta Fatu, a Kenya. Namijin ƙarshe ya mutu a 2018. Yanzu ƙwan Fatu masana ke ɗebowa su haɗa da maniyyin da aka daskarar, wata karkandar ta ɗauki cikin.

2/ Na san za ku ce, ɗan Gatawa, gona ta gagara kana zancen karkanda? Haka ne wallahi.

3/ Amma a ganina sakacin da ya cinye namun dajin Gundumi, shi ya bar wa 'yan bindiga dajin.

4/ Nijar nan maƙwabta, a 2018 ta mayar da raƙuman dawa 8 Gadabeji, jihar Maraɗi, da masu gadinsu. Mu wa ke gadin namu?