Gyangyaɗi a Kan Sitiyari, Har da Masu Kaki

A shekarar 1997, a jihar New Jersey ta Amurka, wani direba da ya kwashe awa 30 bai runtsa ba ya faɗa hannun da ba nasa ba, ya kashe wata ɗaliba 'yar shekara 20, Maggie McDonnell. Tarar dala 200 aka ci shi. Mahaifiyarta ta ƙi haƙura, har jihar ta kafa doka a 2003: wanda ya wuce awa 24 ba barci, ya hallaka mutum da mota, ana iya tuhumarsa da kisan ganganci.

Dokar ta yi daidai. Amma masu aiwatar da ita fa?

Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2011 ya duba 'yan sandan Amurka da Kanada kusan 5,000. Kashi 40 cikin ɗari sun nuna alamun matsalar barci, galibi ɗaukewar numfashi, wadda ke zuwa da munshari, mutum ya tashi tamkar bai kwanta ba. Kusan ɗaya cikin huɗu ya amsa cewa barci na sace shi a kan sitiyari aƙalla sau ɗaya a wata.

Giya tana barin shaida a jini, gyangyaɗi kuwa ba ya barin komai. Idan motar sintiri ta buge mutum, abokan aikin direban ne ke rubuta rahoto, kuma ido wa ka raina? Kamata ya yi wata hukuma daban ta karɓi binciken, ta fara da jadawalin aiki: awa nawa ya yi, kuma wane babba ne ya sa hannu ya ci gaba da tuƙi.