Doki 707 a Kan Taya Biyu

 Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka, fagen wani irin tseren mota da babu kwana a cikinsa balle zagaye. Motoci biyu ne ke jeruwa a bakin layi, fitila ta yi kore, su fizga a miƙe tsawon rubu'in mil, wato ƙafa 1,320, mita 402 ke nan. Can suna kiransa tseren dirag. Kuma ba sai ƙwararru ba: filaye da yawa suna ware dare guda ga kowa da kowa, mutum ya taso daga wurin aiki da motar da ya saya a kanti, a duba lafiyarta, a rubuta mata lamba a gilashi, ya shiga layi. Yawancin waɗanda suka je karon farko da mota mai ƙarfi abu ɗaya ke samunsu. Takardar lokacin da ake miƙo musu a ƙarshen fili ba ta kai abin da kamfani ya yi alkawari ba. Nan take zuciya ta raya wa mutum cewa inji ne ya gaza, a nemo bakanike ya ƙara masa ƙarfi. Ni kuwa ina ganin hujja ta karkata wani wajen. Irin waɗannan motoci tun daga masana'anta injinsu ya fi ƙarfin tayarsu, don haka kuɗin farko da mai mota zai kashe, taya ce ta cancance shi, sai kuma koyon yadda ake tashi.

A ɗauki Dodge Challenger Hellcat ta 2015. Injinta yana da ƙarfin doki 707, nauyinta kusan tan 2, kuma duk wannan ƙarfi ta tayoyin baya biyu yake sauka ƙasa. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa da tayoyin Pirelli da aka sayar da ita da su, ta cinye rubu'in mil a sakan 11.2, tana gudun mil 125 a awa sa'ad da ta tsallake layin ƙarshe. Da aka ɗaura mata tayoyin tsere masu laushin roba, ba a kwance ko noti ɗaya a inji ba, sai ta yi shi a sakan 10.8, gudun ƙarshe kuma mil 126. A lura da kyau. Gudun ƙarshe kusan bai motsa ba, domin shi yana bin ƙarfin inji ne da nauyin mota, kuma ba a taɓa ko ɗaya ba. Lokaci ne ya ragu da kashi 4 cikin 10 na sakan. Ga wanda bai san wasan ba wannan ƙiftawar ido ce, amma motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana shafe mita 55 a sakan guda, tazarar ke nan ta haura mita 20, tsawon mota huɗu a jere. Wanda zai nemi wannan ragi ta hanyar inji zai kashe ninkin-ba-ninkin kuɗin taya biyu, kuma ya dawo bakin layi da ciwon da ya tafi da shi, ya ma ƙara tsanani.

Dalili kuwa, taya ba ta iya tura mota fiye da gwargwadon kamun da ke tsakaninta da ƙasa. Abu biyu ke yanke wannan kamu: irin robar da irin daɓen da ta taka, da kuma nauyin da ke danne ta. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannun ƙato da wani abin kirki ba. Roba tana kai ƙarshen kamunta ne lokacin da take ɗan zamewa ƙiris. Da ta wuce nan ta shiga juyawa a wuri ɗaya, shi ke nan kamu ya faɗi, hayaƙi ya turnuƙe, inji yana ruri mota tana rarrafe, 'yan kallo suna ihu alhali abokin karawa ya yi nisa. Duk direban da motarsa ta taɓa kafewa a yashi ya san karatun: ƙara taka totur, ƙara nutsewa. Shi ya sa tsofaffin hannu, in an miƙo musu takarda, lambar ƙafa 60 na farko suke fara dubawa, mita 18 kacal. Motar titi a hannun sabon shiga takan ci sakan 2 ko fiye a wannan ɗan taƙi, alhali da tayar tsere da ƙafar da ta saba tana iya saukowa wajen 1.6 ko 1.7. Sun daɗe da wani ƙiyasi a tsakaninsu, cewa duk kashi 1 cikin 10 na sakan da aka rage a nan yakan zama kusan 2 a layin ƙarshe.

To me ake yi a aikace? Tayar tsere da doka ta yarda a hau titi da ita, irin ta Nitto ko Mickey Thompson, robarta laushi gare ta, zanenta kaɗan ne, gefenta kuma yana lanƙwasa. Wannan gefe yana da muhimmanci har wasu kan sauke wilin inci 20 su sa na 18 ko 17, domin a sami roba mai tsayi da za ta murɗe ta shanye bugun farko. Sai iska. Tayar da ke yawo da 32 zuwa 35 a gejin mai faci, ta tsere akan sauke ta wajen 20 ko ƙasa, ta baje ta ƙara faɗin taku, dabarar da direbobin da ke ratsa Sahara daga Agadas suka sani tun tuni. Amma tayar titi ta yau da kullum in aka sace mata iska da yawa, tsakiyarta ɗagewa take yi, a yi asara maimakon riba. Kafin layin tashi akwai wani ɗan wuri da ake jiƙawa da ruwa, inda direba ke riƙe birkin gaba ya bar tayoyin baya su juya har su yi hayaƙi, roba ta ɗau zafi ta zubar da tsakuwar da ta kwaso. Ford ma ta sa wa Mustang GT ta 2015 na'urar da ke kulle birkin gaba kaɗai saboda wannan. Shi kansa filin, wurin tashin kankare ne da aka goga wa roba aka fesa wa wani ruwan danƙo, wanda in ka taka sai ka ji takalminka yana mannewa. Mai tayar titi kuwa kewaye ruwan ya kamata ya yi, domin zanen tayarsa zai ɗebo shi ya ɗiga a bakin layi, ya ɓata wa kansa ya ɓata wa na bayansa.

Saura nauyi. Mota in ta fizga, gabanta ɗagawa yake yi bayanta ya zauna, kuma wannan zama alheri ne ga mai jan baya, domin yana ƙara danne tayoyin da ke aiki. Sifirin da shokozoba masu tauri, waɗanda ke sa mota ta yi daɗin shan kwana, su ne ke hana wannan zama. Ashe abin da ya sa ta yi kyau a hanyar dutse shi ke tauye ta a miƙaƙƙen layi.

Babbar shaida ita ce abin da Dodge ta yi da kanta lokacin da ta tashi yin Challenger Demon ta 2018. Ta faɗaɗa jikin motar don ya ɗauki tayoyin tsere na Nitto masu faɗin milimita 315 maimakon 275, a kan wilin inci 18. Ta sassauta sifirin, ta cire kujerar fasinja da ta baya, mai so ya saye su a kan dala 1. Ta sa na'urar da ke riƙe giya har inji ya tara ƙarfi kafin a sake shi. Sakamako: sakan 9.65, gudun mil 140 a awa, tayoyin gaba suna barin ƙasa wajen tashi.

Mai ja zai ce, ai Demon ɗin doki 840 gare ta in an sa mata man tsere, yaya za a ba taya yabo a manta da inji? Gaskiya ne, kuma tashin gudun ƙarshe daga 126 zuwa 140 aikin inji ne da ragin nauyi, babu mai musu. Abin da nake cewa magana ce ta jeri, wanne ya kamata ya riga wanne. A dubi ƙololuwar wasan, motocin Top Fuel masu doki wajen 11,000, waɗanda ke cinye ƙafa 1,000 cikin ƙasa da sakan 4 da gudun da ya haura kilomita 500 a awa. Babban aikin shugaban kanikawansu kafin kowane tashi shi ne lissafin nawa zai hana wa tayoyi daga wannan ƙarfi. Kulocinsu da gangan aka yi shi ya riƙa zamewa, yana kamawa mataki-mataki har mota ta yi nisa. In shugaban kanikawan ya yi kuskure ya saki da yawa, tayoyi su yi hayaƙi, wanda ya fi shi haƙuri ya wuce. In masu doki 11,000 suna tseren ne a kan gejin kamun ƙasa, mai 700 a kan tayar titi ba shi da hujjar cewa inji ne ya rage masa.

Ja na biyu ya fi nauyi, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Taya mai zamewa, duk da ɓata lokacin da take yi, kariya ce ga ƙarafan mota, domin ta nan ƙarfin da ya yi yawa ke tsiyayewa. Ranar da ta kama ƙasa gam, bugun zai koma kan farfela, da giyabos, da sandunan da ke juya tayoyin baya, kuma mafi rauni a cikinsu shi zai karye. Mafi muni shi ne tsalle-tsallen taya, inda take kamawa tana saki sau da yawa a sakan guda, ka ji ƙarƙashin mota yana bugawa kamar ana sussuka. Robobin da ke riƙe ƙafafun baya ne ke lanƙwasawa suna dawowa, kuma direban da bai ɗaga ƙafa nan take ba, jan motarsa za a yi zuwa gida. Ga shi kamfanoni kan ƙi biyan garanti a kan ɓarnar tsere, inshorar yau da kullum ma haka. Sannan tayar tsere ba ta daɗewa, kuma a kan jiƙaƙƙen titi haɗari ce tsagwaronta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai in aka auna, abin da yake koyarwa shi ne a ajiye tayoyin tsere a wilinsu daban, a ɗaura a fili a kwance kafin a kama hanya, a kuma canja waɗancan robobi da masu tauri. Ƙarin doki kuwa babu ɗaya daga cikin matsalolin nan da yake magancewa, ƙara wa ƙarafan kaya yake yi.

Akwai kuma masu cewa kwamfuta ta gama magana, tunda motocin yanzu suna da tsarin tashi da ke daidaita totur da kansa, masu jan ƙafa huɗu da na lantarki kuma suna fizga babu hayaƙi. Jan ƙafa huɗu lalle ya rage matsalar sosai, kuma wannan goyon bayan maganata ne, domin an raba aikin ne ga tayoyi huɗu. Ita kuwa kwamfuta ba ta ƙirƙirar kamu. Iyakarta ta ji taya ta fara zamewa ta rage wuta, wato ta ajiye wani kaso na dokin da aka biya kuɗinsa.

Abin da ya rage shi ne mutumin da ke bayan sitiyari. Akasarin gasar da talakan wannan wasa ke shiga, kowa rubuta lokacin da yake sa ran yi yake a gilashinsa, a ba mai jinkiri damar fara tashi, kuma wanda ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi. A irin wannan gasa motar da ke maimaita lokaci ɗaya sau goma ta fi wadda ke yin abin mamaki sau ɗaya, kuma maimaici daga tayar da ba ta zamewa yake zuwa. Duk alƙaluman nan kuma na filin da aka gyara ne. A titin gari mai ƙura da mai, tayar tsere mai sanyi ba ta da abin da za ta kama, ga mutane ga shaguna a gefe, kuma fitar da matasa daga tseren titi na cikin dalilan da suka sa Wally Parks ya kafa ƙungiyar tseren dirag ta NHRA a Kalifoniya a 1951. A fili, sabon shiga yana da wani rangwame da da yawa ba su sani ba. Agogon lokacinsa ba ya fara ƙirga da kunnuwar koriyar fitila, sai tayar gabansa ta bar zaren hasken da ke bakin layi. A daren gwaji yana iya barin na kusa da shi ya tafi, ya ja numfashi, ya ɗaga inji kaɗan, ya saki birki, ya bi totur da taushi har ya ji bayan motar ya zauna, sannan ya taka shi har ƙasa.