Mu Fara Sanin Ƙofofin Garinmu

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce gani ya kori ji. Duk shekara idan an tada zancen yawon buɗe ido a makarantarmu, sai ɗalibai su ce a kai su Abuja, ko Jos, ko Yankari. Ba laifi ba ne. Amma ni a ganina, bai kamata yaro ya kammala sakandare a birnin Sakkwato bai taɓa zagaya ƙofofin garin da ya tashi a cikinsa ba. Daga nan Gidan Dare zuwa tsohon gari ba wata tafiya ba ce, amma ɗalibi nawa ne zai iya lissafa ƙofofin nan bai yi tuntuɓe ba?

Ga su nan guda 8 da aka fi sani: Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Kaɗe da Ƙofar Dundaye. Yau yaranmu sun ɗauke su sunayen unguwanni kawai, inda za a gaya wa mai babur ya sauke mutum. Alhali kowane suna darasi ne. Wata ƙofar tana nuna garin da hanyarta ta nufa, kamar Kware da Dundaye. Wata tana ɗauke da sunan mutum, kamar Aliyu Jeɗo, Sarkin Yaƙin zamanin jihadi. Marke da taramniya kuwa sunayen itatuwa ne, waɗanda yaron birni ba lalle ya gane su ba ko ya zauna a inuwarsu.

Muhammadu Bello ne ya kafa birnin nan a 1809, aka kewaye shi da ganuwa. Mahaifinsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya dawo nan a 1815, ya rasu a 1817. Baturen nan ɗan yawon duniya, Hugh Clapperton, wanda ya zo a 1824, ya ba da labarin cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 20 zuwa 30, da ƙofofi 12 da ake rufewa idan rana ta faɗi. To, ku tsaya ku yi tunani. Ba mota, ba siminti, ba injin haƙa. Ƙasa ce da ruwa da hannun mutane. Wa ya tsara aikin? Wa ya ciyar da ma'aikata? Ina sauran ƙofofi 4 suka shiga? Yaron da ya tsaya a wurin ya yi wa kansa waɗannan tambayoyi ya fi wanda ya haddace shekaru don jarrabawa kawai.

Yanzu ganuwar ta kwanta, da ƙyar ake gane inda ta bi. Dalili a fili yake. Ginin ƙasa sai da yaɓe, kowace damina tana cin rabonta. Bayan da sojojin Ingila suka ci garin ranar 15 ga Maris, 1903, a filin Giginya, ganuwa ta daina tsare kowa, gyara ya tsaya, gidaje da tituna suka hau kanta. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Kano, inda aka fara ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina ta da kayan zamani. Abin da ya rage mana a nan shi ne sunaye da abin da ke kan tsofaffi, su kuwa tsofaffi kullum raguwa suke yi.

Na san abin da wasu iyaye za su ce, kuma gara a faɗe shi a fili. Suna cewa wannan tarihin Musulmi ne, ina ruwan ɗan Kirista da shi? Wasu kuma suna cewa mu baƙi ne, garinmu na kudu ko na tsakiyar ƙasa. Ina girmama su, amma ban yarda ba. Yaron da aka haifa a Sakkwato, yake shan ruwanta, yake cin kasuwarta, yake jin Sakkwatanci kamar jakin Kano da Kananci, ba a mayar da shi baƙo da bakinmu. Sanin tarihin maƙwabcinka ba barin bangaskiyarka ba ne. Mu da muke koya wa yara yadda Nehemiya ya zagaya rusasshiyar ganuwar Urushalima da dare, ya duba ta, kafin a gina ta cikin kwana 52, ya kamata mu fi kowa sanin darajar ganuwa ga mutanenta. Rashin sanin juna shi ne tsagar da ƙadangaren fitina ke shiga.

Wasu za su kawo maganar kuɗi da tsaro. Gaskiya ne, wurare irin su Surame, birnin Kanta mai ganuwar duwatsu, da Alkalawa, babban birnin Gobir da aka ci a 1808, ba a kwasar yara a kai su sai hanya ta yi lafiya, hukuma ta tabbatar. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ma sai an yi tanadi. Amma ƙofofinmu ba sa bukatar kwana a hanya. Masu cewa lokacin karatun jarrabawa ne za a ɓata kuwa, su tuna cewa rana ɗaya ce a zango, kuma a cikinta akwai tarihi, da labarin ƙasa, da lissafi, da rubutun insha'i.

Shawarata ga hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai ita ce, a ware Asabar ɗaya kowane zango. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da ƙofarsa da malaminsa. A fara neman izinin mai unguwa, a yi shiga ta mutunci, a gaida dattawa a durƙushe, kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda, kada a yi rubutu a jikin gini. Kowa ya riƙe littafi da biro, ya rubuta abin da ya ji da sunan unguwar da ya ji shi. Daga nan a wuce gidan tarihi na Waziri Junaidu a gwada abin da aka ji da abin da aka adana. Mafi kyawun rahoto a buga shi a wannan mujalla baɗi.

Ku kuma ɗalibai masu fita bana, kada ku jira sai an kai ku. Kafin sakamako ya fito, ku zagaya ƙofofin nan da ƙafarku, don idan aka tambaye ku a jami'a daga ina kuke, ku sami abin faɗi. Allah ya ba mu zaman lafiya a birninmu da ƙasarmu baki ɗaya, amin.